Dokin da Alasan Ya Bari

Ranar da Hussaini ya fara shiga bayan gidan da niyyar ba dokin ciyawa, bai fito da rigarsa lafiya ba. Ya tura ƙyauren langa-langa da ƙafa, yana rungume da damin ɗanyar ciyawa da aka yanko daga bakin rafi, har da ɗan gyaran murya kamar mai shiga gidan surukai. Dokin na tsaye a turke, baƙi wuluk, dukushi ne da bai gama cika ba amma ƙirji ya fara buɗewa. Yana ɗago kai ya ga mai shigowa, sai kunnuwansa suka kwanta baya. Hussaini bai san abin da hakan ke nufi ba, don shi tela ne, abin da ya sani allura da almakashi. Ya sunkuya zai ajiye ciyawar ke nan ya ji haƙora sun kama shi a kafaɗa, an ɗaga shi an girgiza, an yar. Da rarrafe ya kai bakin ƙofa, jini na bin hannunsa.

Dokin na ɗan'uwansa ne, Alasan. Tagwaye ne su, irin waɗanda ko uwar da ta haife su sai ta yi kallo na biyu. Hali ne kawai ya raba su. Hussaini ba ya da yawan magana, yakan wuni kan keken ɗinki a shagonsa na bakin babban titi. Alasan kuwa dillalin shanu ne, kuma a duk unguwar Briqueterie, wadda mutanen cikinta ke kira Birik, babu wanda bai san dariyarsa ba. In ya tsaya wurin masu soya, kowa da ke wurin sai ya ci nama. In an yi rasuwa shi ne farkon ɗaukar makara. Ya sayo dokin daga Garwa da nufin ya hore shi, ya riƙa ba da shi haya ga masu biki da masu son ɗaukar hoto. Kafin ya kai ga ɗora masa sirdi, wata babbar motar katako ta buge moto, wato babur, da ya hau a wajajen Elig-Edzoa, ko asibiti ba a kai da shi ba.

Tun daga ranar Hussaini ya rasa inda zai sa fuskarsa. Masu zuwa ta'aziyya in suka gan shi sai su yi turus, mata su fashe da kuka. Mahaifiyarsu, Inna Hansai, ta tattaro ta dawo gidan marigayin da ke gangare kusa da rafi, don ta zauna da matarsa Karimatu har ta fita takaba. Karimatu kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dubi Hussaini ba. In ya yi sallama a tsakar gida sai ya ga ta zabura, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Ya ɗauka baƙin ciki ne, ya ji tausayinta ƙwarai.

Da Inna ta gama wanke masa kafaɗar da ruwan zafi da gishiri, ya ce mata, “Inna, dokin nan a sayar da shi. Birik ba wurin ajiye doki ba ne. Lungun nan ko mutum biyu ba sa wucewa a jere, ga yara ko'ina.”

Ta matse tsumman a cikin kwano. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, Babba take ce masa, shi kuma Hussaini Ƙarami.

“Babba ya ce mini zai hau shi ya zo har ƙofar ɗakina in gani,” ta ce a ƙarshe. “Bai samu ya yi ba. Kai ma so kake in mutu ban gani ba?”

“Ni ban iya doki ba, Inna.”

“Shi da ya iya, da shi aka haife shi? Ciki ɗaya kuka kwanta. Abin da ya iya ka iya.”

Ya so ya ce mata ba shi take son gani a kan dokin ba, amma ya dubi yadda hannuwanta suka rame cikin 'yan makonnin nan, sai ya haɗiye maganar.

Washegari ya shiga taksi ya tafi kasuwar shanu neman Baffa Garga, wani dattijon Bafulatani mutumin Garwa, wanda ya yi kiwon dawaki a ƙuruciyarsa, yanzu kuma yake sauke dabbobi daga manyan motocin da ke zuwa daga arewa. Garga ya san marigayin, saboda haka bai yi gardama ba. Ya zo da rana tsaka, ya ce wa Hussaini ya tsaya a waje tukuna.

Ta kafar langa-langa Hussaini ya leƙa. Dokin ya yi huci, ya ja da baya iyakar tsawon igiyarsa, jikinsa na ɓari, amma bai kai cizo ba. Garga ya tsuguna gefe, ya ba shi kafaɗa, yana wani ɗan gunaguni da Fillanci kamar mai lallashin jariri. An daɗe a haka kafin ya miƙe ya ɗora tafinsa a wuyan dabbar. Ya bi da hannu a hankali ta kan haƙarƙari zuwa cinya, ya duba gefen baki, ya duba doron hanci.

“To, shigo,” ya ce.

Hussaini na sako kai, dokin ya yi wata irin haniniya mai kama da kururuwa, ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya, ya dawo ya fizgi igiya har turken ya motsa. Garga ya tura Hussaini waje ya rufe ƙyauren.

Suka zauna a dakalin ƙofar gida. Injin markaɗe na gidan da ke manne da nasu yana ta ƙara, sai mutum ya ɗaga murya.

“Wannan ba mugun doki ba ne,” in ji Garga. “Tsoro ne ya yi masa yawa. Ƙarƙashin gashin nan duk shatar bulala ce, wata kan wata. Gefen bakinsa an yage da linzami. Hancin kuwa waya aka ɗaura masa.”

“Haka mutanen arewa suka yi masa kafin su sayar?”

Garga ya ɓare goro, ya daɗe yana dubansa.

“Ni na sauke shi daga mota da hannuna, ɗana. Yana ɗan ƙarami, yana bin mutane yana shinshinar aljihu. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.”

Hussaini ya juyo gare shi da sauri.

“Baffa, mutumin da kake magana a kansa yana kabari.”

“Na sani. Allah ya jiƙansa. Ni ban ce kowa ba. Doki dai bai san tagwaye ba, abin da ya gani shi ya gani.”

Da a ce wani ne ba dattijo ba, da Hussaini ya tashi ya bar masa wurin. Ya zauna yana kallon jan taɓon lungu, yana gaya wa kansa cewa wataƙila wani yaron aiki ne ya yi wannan aika-aika ba da sanin Alasan ba. Sai dai ya san Alasan bai taɓa ɗaukar yaron doki ba.

Garga ya ce in har ana so a gwada, hanya ɗaya ce. Kada a nemi komai wurin dokin tukuna. Hussaini ya riƙa zuwa kullum ya zauna inda igiya ba ta kaiwa, kada ya kalle shi ido cikin ido, kada ya ɗaga murya, kada ya shigo da sanda ko abin da ya yi kama da ita. “Sese-sese,” in ji shi, “a hankali. Sai ya gane da hancinsa cewa kai wani ne daban.”

Haka aka fara. Kowace safiya bayan ya karya, Hussaini yakan ɗauko ɗinkin hannu, wuyan riga ko maɓallai, ya zauna kan tsohon bokiti a kusurwar bayan gidan. Wurin ƙarami ne, da raguna ake ɗaurewa a ciki, rufin rabi kwano rabi sararin sama. Damina ce, ruwa na sauka ba sallama, ƙasa ta zama jar laka mai warin fitsari. Kwanakin farko dokin bai ko runtsa ba. Yakan manne da bango yana zufa, idonsa fari fat, in Hussaini ya ɗaga hannu don ya ja zare sai ya kai harbi a iska. Hussaini ya koyi jan zare ƙasa-ƙasa. Aiki ya taru a shago, masu kaya suna zuwa suna tarar da ƙofa a rufe, wasu suka kwashe shaddarsu suka kai wa wani. Shi kansa bai san me ya sa ya nace ba. Maganar Inna na ciki, amma akwai kuma wani abu da yake so dokin ya ƙaryata.

Sannu a hankali dabbar ta fara cin ciyawa yana zaune. Daga baya ta fara juya masa baya, abin da Garga ya ce alama ce mai kyau. Ranar da dokin ya miƙo wuya ya shinshini gefen bokitin, Hussaini ya shagala da kallonsa har allura ta soke shi.

Wata safiya ya zo da wuri fiye da yadda ya saba. Yana tura ƙyauren sai ya tarar da Karimatu a ciki, tsaye dab da dokin, riƙe da ƙwaryar dusa da kanwa. Dokin ya sa baki a ƙwaryar, ita kuma tana tsefe masa geza da yatsunta. Tana jin motsi ta waiwayo, ƙwaryar ta suɓuce, ta ɗaga hannu ta kare gefen kanta. Dokin ma ya zabura ya koma jikin bango. Hussaini ya tsaya yana kallonsu su biyun.

“Ni ne, Karima,” ya ce. “Tela ne.”

Ta sauke hannun, ta gyara mayafi. “Na sani. Ka yi haƙuri.”

Ta nufi ƙofar da ke shiga tsakar gida, ya ce, “Don Allah tsaya. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Wa ya dinga dukan dokin nan?”

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

“Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba a tona shi.”

“Ɗan'uwana ne. Ina da haƙƙin in sani.”

Ta fara magana ƙasa-ƙasa. Injin markaɗe ya tashi a maƙwabta, dole ya matso kaɗan don ya ji ta.

“In kasuwa ta ɓaci, ko wani ya gaya masa magana a waje ya yi dariya ya wuce, to nan yake kawo ta. Ya rufe ƙyauren nan. Wani lokaci bulala, wani lokaci wayar wuta. In ya gaji ya fito ya yi wanka, ya fesa turare, ya koma cikin mutane.”

“Ba wanda ya ji?”

“A Birik? Kowa ya ji. Wa zai gaya maka? Wa bai ci namansa ba?”

Hussaini ya jingina da bango. Ya tuna tun suna yara yadda Alasan kan shiga faɗa a madadinsa, ya tuna ranar da ya saya masa keken ɗinki na farko ya ɗauko a kai tun daga kasuwa yana waƙa. Ya buɗe baki zai ce wani abu na kare shi, sai idonsa ya sauka kan hannun da ta riƙe mayafi da shi. Ƙaramin yatsan a karkace yake. An ce musu taɓarya ce ta faɗo mata, shekarar da aka yi auren. Akwai kuma kunnenta na hagu da aka ce zazzaɓi ne ya toshe shi.

“Karima,” ya ce. “Ke fa?”

Ta juyo, karo na farko tun rasuwar ta dube shi a fuska, ya ga irin ƙoƙarin da hakan ya ci mata.

“Tun da dokin nan ya zo gidan nan na samu sauƙi,” ta ce. “Shi ya sa nake ba shi dusa. Kada ka gaya wa Inna. Ɗanta ne, kuma ba duka ne mugu ba. Akwai ranakun da babu kamarsa.”

Ta shige ciki. Hussaini bai yi ɗinki ran nan ba. Ya zauna kan bokitin har azahar, ruwa ya zo ya jiƙa shi bai motsa ba. Da ya je alwala a masallaci ya ga fuskarsa a cikin ruwan randa, ya kawar da kai.

Bayan wannan ya ƙara ba dokin lokaci, kamar mai biyan wani abu da ba shi ya ci ba. Ya aske gemunsa, ya daina sa hula irin wadda marigayin ke sawa. Har ranar ta zo da dabbar ta karɓi dusa a tafinsa, leɓɓanta na rawa. Daga nan ta yarda ya sa mata ragama. Garga ya fara zuwa da sassafe, su ja dokin ta lunguna kafin mutane su cika hanya, su haura zuwa wani filin ƙwallo na jar ƙasa a wajajen Cité Verte. A can Garga kan tsaya a tsakiya da doguwar igiya, dokin na zagaye shi, Hussaini na koyon yadda ake tsayar da shi da murya kawai. Sun ɗora masa buhu a baya, ya yi tutsu ya yar, suka sake ɗorawa. Da aka kai ga sirdi sai ya tsaya cik yana huci, amma bai yi faɗa ba.

“Saura kaɗan,” in ji Garga. “Amma kada ka yi gaggawa. Abin da aka ɗinke da zare ɗaya bai son ja, kai ka fi ni sani.”

Labari ya kai kunnen Inna cewa an ɗora sirdi. Ran wata Juma'a da hantsi ta kira Hussaini ɗakinta. A kan gado ta shimfiɗa babbar rigar Alasan, shuɗiyar shadda wadda shi Hussaini ya yi wa aiki da hannunsa, da hularta. Ƙamshin turaren marigayin ya cika ɗakin, don ta sake fesa mata daga kwalbar da ya bari.

“Sa ka hau in gani,” ta ce.

“Inna, bai kai a hau shi ba. Baffa Garga ya ce a jira.”

“To kada ka hau. Ka sa rigar ka riƙe shi kawai, ka tsaya kusa da shi. Ni jikina yana gaya mini ba zan ga wata daminar ba, Ƙarami. Sau ɗaya tak.”

Ya san bai kamata ba. Ya san dalilin kuma, amma dalilin ba abin da zai iya faɗa mata ba ne. Ta riga ta ɗauko rigar tana miƙo masa da hannu biyu, idonta ya cika da hawaye. Ya sunkuyar da kai ta zura masa. Da ya ɗago ta kama bakinta, ta kira shi da sunan da ba nasa ba.

Ya shiga bayan gidan yana magana ƙasa-ƙasa yadda ya saba, yana fatan muryar za ta isa. Dokin ya ɗago, hancinsa ya buɗe. Bai ja da baya ba wannan karon. Ya yo kansa gaba ɗaya, turken ya tumɓuke daga laka, kofaton gaba ya sauka a ƙirjin Hussaini ya maka shi da bango. Numfashinsa ya ɗauke. Kafin ya miƙe haƙora sun kama shi a cinya, inda nama ke da taushi.

Abin da ya biyo baya Hussaini bai taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Ya dai san hannunsa ya faɗa kan turken da ya tumɓuke, ya san ya miƙe. Wani abu ya rufe masa ido, duk watannin nan na zama cikin laka, da kunyar da ya haɗiya, da fushin da ya rasa wanda zai yi wa, suka taru a damtsensa. Ya sauke itacen a wuyan dokin. Ya sake saukewa a fuska. Ya ji wata murya na zagi da ƙarfi, murya mai kauri da ya sani sarai, sai daga baya ya gane daga bakinsa take fita. Kuma abin da ya fi tsorata shi daga baya shi ne, a wannan ɗan lokacin, ya ji daɗin dukan.

Ya ɗaga itacen zai ƙara sai ya hangi ƙofar tsakar gida. Karimatu na durƙushe a bakinta, ta toshe kunnenta mai ji da hannu biyu, ta dunƙule kamar mai jiran nata rabon. Inna na tsaye a bayanta, baki buɗe.

Itacen ya faɗi daga hannunsa. Dokin ya bangaje ƙyauren langa-langa ya fita lungu, igiya na jan ƙasa a bayansa.

Lokacin ana shirin tafiya masallaci, hanya cike take. Hussaini ya biyo shi yana ɗingishi, rigar ta yage tana tuntuɓe da shi, yana jin ihu na tafiya gabansa. Dokin ya ture teburin wata mai ƙosai, mai ya kife a ƙasa, Allah ya kiyaye bai zuba a kan kowa ba. Ya fita babban titi, ya tsallake gaban wata taksi, ya yi karo da tukubar mai soya, garwashi ya watse. Wani tsoho ya faɗi garin gudu ya gurɗe hannu. A ƙarshe ƙafar bayansa ta zurma cikin kwata mai zurfi, ya faɗi, ya tashi, ya tsaya kan ƙafa uku yana rawar jiki, jini na zuba daga saman idonsa. Mutane suka yi masa zobe daga nesa, wasu da duwatsu a hannu.

Hussaini bai matsa ba, don ya san matsawarsa ita ce za ta ƙara lalata abin. Ya tuɓe rigar a tsakiyar titi ya dunƙule ta, ya roƙi jama'a su ajiye duwatsun, ya sa aka kira Garga a waya. Har dattijon ya iso a kan moto, dokin bai bar kowa ya zo kusa ba.

Garga ya dubi raunin fuskar, ya dubi Hussaini. Sannan ya matsa a hankali ya kama igiyar dokin.

Bayan sallar la'asar mai unguwa ya aiko. Ya yi magana da mutunci saboda darajar mamaci, amma ya ce dabbar ba za ta ƙara kwana a Birik ba, in ba haka ba maganar za ta kai komisariya, gaban 'yan sanda. Hussaini ya bi waɗanda aka yi wa ɓarna ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, ya kai tsohon wurin mai ɗori. Garga ya ce ƙafar dokin ba ta karye ba, akwai motar shanu da za ta koma arewa ba kaya, kuma yana da ƙane a wani ƙauye bayan Garwa mai goɗiyoyi da fili. In an sake shi cikinsu wataƙila ya manta wani abu.

“Zai horu?” Hussaini ya tambaya.

“Allah ya sani. A hannun wani, wataƙila.”

Da aka zo sa shi a mota ya ƙi hawa. Ya kafe ƙafafu a bakin katakon da aka jingina, yana waige yana huci. Garga ya zo ya dafa kafaɗar Hussaini ya ce, “Ɗana, je ka bayan wancan shagon.” Hussaini ya tafi ya tsaya inda ba a ganinsa. Daga can ya ji ƙarar kofato a kan katako, ya ji an rufe ƙofar motar.

Inna ba ta sake maganar doki ba. Kwana biyu ba ta ce masa uffan ba, ran na uku tana shafa masa magani a ƙirji ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Babanku ma haka yake in ransa ya ɓaci. Na ɗauka kai ka tsira.” Bai tambaye ta abin da ta sani da wanda ba ta sani ba.

Da Karimatu ta fita takaba, yayanta ya zo daga Ngaundare ya tafi da ita. Hussaini ya kai musu kaya tashar jirgin ƙasa. Ya yi ta juya kalmomin da zai faɗa mata tun daga gida, da suka isa sai ya ce kawai, “Ki yafe mana.”

“Kai ba ka yi mini komai ba, Tela,” ta ce. Ta faɗa da gaskiya, amma idonta na kan akwatinta, kuma da ya miƙo mata jakar hannu sai da ta bari ya ajiye a ƙasa sannan ta ɗauka.

Daga tashar bai koma shago ba. Ya shiga taksi ya tafi maƙabarta. Ruwan sama ya zaizaye gefen kabarin, ya tsuguna ya tattaro ƙasa da hannu ya gyara. Ya daɗe a tsugune bai san ta inda zai fara ba, don mutumin da ya zo gaisarwa ya zama biyu a ransa, kuma duka biyun yana kewarsu. Can ya ɗaga hannu ya roƙa wa Alasan gafara, ya daɗe yana roƙo, sannan ya roƙa wa kansa tsari. Hadari ya sake haɗowa ta gabas. Ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya fita bakin titi neman motar da za ta mai da shi Birik.